Yadda Fili da Gida Suka Yi Tsada a Maraɗi, da Tibiri, da Jiratawa



Wata rana da rani muna darasin lissafi a makarantarmu ta yaƙi da jahilci. Na rubuta ɗaya a allo, na jera mata sifili shida, na ce: "Wannan ita ce miliyan." Sai wani saurayi ya ce: "Malam, mi za mu yi da ita? Mu da ko jika goma ba mu gani sai an kai akuya kasuwa." Kowa ya yi dariya, ban da wani dattijo da ke zaune a gaba. Shi cewa ya yi: "Malam, bar ta nan, kada ka shafe. Jiya wasu mutane suka zo daga birni cikin mota, suka taya gonata ta bakin hanya, kuma wannan kalmar na ji suna ambata."

Maganar dattijon nan ce ta sa na yi wannan rubutu. Kakanninmu da goro suke samun wurin zama. Yau kuwa magidanci yana iya yin furfura a gidan haya bai mallaki ko zaure ba. Yaya aka yi haka ta faru? Sai mun koma baya, domin wanda bai san inda ruwa ya fara dukansa ba, ba zai san inda ya bushe ba.

Zamanin ganuwa

A shekara ta 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, sarakunan Haɓe suka fita. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, ya mai da ita gidan sarautar Katsinawa. Gobirawa ma sun rasa birninsu na Alƙalawa tun 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri, kusa da Maraɗi ta wajen arewa. Jiratawa kuwa tana kudu da Maraɗi, a gefen gulbi.

Maraɗi ta wancan zamani ba a kan tudun nan take ba. Cikin fadama take, ga ganuwa, ga kurmi kewaye da ita. Zamanin yaƙi ne, saboda haka abin da sarki ya fi bukata shi ne mutane. Ƙasa tana nan jibge, hannuwan da za su yi noma su tsare gari su ne ba su isa ba. In baƙo ya zo, sai ya nemi mai masauki, mai masauki ya kai shi wurin mai unguwa, a nuna mashi inda zai kafa gida da inda zai sare ya yi gona. Ya kai goro, in kaka ta yi ya kai dami. Shi ke nan ya zama ɗan gari.

Ginin ma ba ya cin kuɗi. Laka tana bakin gulbi, shibci da gamba suna daji, kara yana gona, itace ba a saye. A yi gayya, mata su dama fura, samari su kwaɓa ƙasa, cikin ƴan kwanaki ɗaki ya tashi, a ɗora jinka, a kewaye da darni. Mai hali shi ke kiran magini ya yi mashi shigifa ko soro da azara. Amma kada mu ce zamanin daɗi ne zalla. Mutum yana kwana da tsoron hari, akwai bauta, kuma wanda ya ba ka wuri yana iya tashinka. Gida ba shi da tsada, amma ba shi da takarda.

Ruwan 1945

Da Nasara suka kama ƙasa, yaƙi ya ƙare, mutane suka fara fita bayan ganuwa suna kafa ƙauyuka. Cikin shekarun 1920 da 1930 kamfanonin Faransa suka buɗe kantuna a Maraɗi suna sayen gujiya, ana kai ta Kano inda jirgin ƙasa yake. Kuɗi suka fara yawo a hannun jama'a, ga kuma lanho da ba a biya sai da kuɗi.

A damanar 1945 Gulbin Maraɗi ya yi cikar da ba a saba gani ba. Ruwa ya shiga gari, gidajen laka suka narke. Hukumar Nasara ta ce ba za a sake gini cikin fadama ba, kowa ya hau tudu. Tibiri ma ruwan bai bar ta ba, ita ma aka sake mata wuri.

Wannan hawan tudu shi ne mafarin labarinmu. A tsohon gari hanyoyi sun bi yadda gidaje suka zauna, nan lungu, can kwana. A sabon gari sai da aka ja igiya, aka fid da hanyoyi miƙaƙƙu, aka yanka filaye masu kusurwa huɗu, sa'an nan aka raba ma magidanta. Mutane suka hau da sunayen unguwanninsu, irin su Bagalam, da Mokoyo, da Maradawa, da Ƴandaka, da Limanci, da Ɗan Gulbi. Daga baya aka yi wata unguwa ana ce mata Sabon Kare. Ba karen haushi ba ne. Kalmar Faransanci ce mai nufin fili mai kusurwa huɗu.

To, ku lura. Abin da aka auna, aka kafa mashi iyaka, aka sa mashi lamba, aka rubuta cikin littafi, ya zama abin da ake iya sa ma kuɗi. Tun daga nan fili ya kama hanyar zama haja kamar goro da gishiri.

Gujiya, da Alhazai, da fari

A 1950 mutanen Maraɗi ba su kai dubu goma ba. Amma cinikin gujiya ya yi ta bunƙasa har bayan samun mulkin kai a 1960. Ƴan kasuwar gari da suka fara da yi ma kamfanoni awo suka tsaya da ƙafafunsu. Yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya buɗe masu wasu hanyoyin ciniki ta kan iyaka. Su ne aka sani da Alhazan Maraɗi. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986, ya nuna yadda da yawansu suke zuba riba cikin gidaje da gonaki da garake. Dalilinsu a fili yake. Kaya suna lalacewa, mota tana tsufa, dabba tana mutuwa, amma fili ba ya cin abinci kuma ɓarawo ba ya ɗaukarsa. Ma'aikatan gwamnati da aka turo daga wasu jihohi suna neman wurin zama, sai gina gidajen haya ya zama sana'a.

Ana cikin haka fari ya zo. A 1973 da 1974 hatsi bai yi ba, dabbobi suka mutu, ba a jima ba cuta ta kashe noman gujiya. A 1984 aka sake yin wata yunwa, wadda mutanenmu suka sa ma suna El Buhari. Duk lokacin da rumbu ya bushe, talaka birni yake nufa. Wasu sun jinginar da gona don su ci, wasu sun sayar, wasu sun zo cin rani ba su koma ba.

Ƙidayar jama'a ta nuna mana abin da ya faru. A 1977 an ƙirga mutum wajen dubu 45 a birnin Maraɗi. A 1988 sun kai dubu 110. A 2001 sun kai dubu 148. A 2012 sun kai dubu 267. Wato cikin shekara 35 garin ya ninka kusan sau shida. Mutane suna haihuwa, ƙasa ba ta haihuwa. In masu saye sun yi yawa, abin sayarwa bai ƙaru ba, kowa ya san abin da ke faruwa a kasuwa. Haka aka yi ta yanka sababbin unguwanni, Sabon Gari, da Sura Bildi, da Zariya, da Ali Ɗan Tsoho, kowace ta ci gonakin da dā ake noma hatsi.

Daga laka zuwa siminti

Ba fili kaɗai ya yi tsada ba, har da abin da ake ɗorawa a kansa. Daji ya ja baya, giginyar da ake fasa azara ta yi wuya, shibci ya zama na saye. Gayya ta ragu, sai lebura da magini, kowa da kuɗin yininsa. Idon mutane kuma ya buɗe. Wanda ya ga ɗakin kwano ba ya son jinka, wanda ya ga ginin siminti ba ya son yaɓe kowace shekara.

Tun cikin shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, cikin jihar Tawa, amma kwano da ƙarfe da ƙusa da fenti yawancinsu daga waje suke zuwa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kayan da ake shigowa da su daga ƙasashen Turai suka yi tsalle, mai ginin da ya kai linta ya tsaya cak. Har yau in kun zaga bayan gari za ku ga gine-gine tsaye ba rufi, ciyawa ta fito cikin ɗaki. Ba lalaci ba ne, ƙarfi ne ya ƙare.

Wuri uku, kuɗi uku

Yanzu mu kwatanta wuraren nan uku. Ƙasarsu ɗaya, ruwan sama ɗaya ke dukansu, amma kuɗin fili ba ɗaya ba ne.

A cikin birni, fili mafi tsada shi ne na kusa da babbar kasuwa da bakin kwalta. Mai saye ba ƙasa kaɗai yake biya ba. Yana biyan kusanci da kasuwa, da famfo, da wutar lantarki, da likita, da makaranta. Da aka buɗe jami'a a Maraɗi a 2010, malamai da ɗalibai suka ƙara yawan masu neman haya. A 2015, lokacin bikin Maraɗi Kwalliya, aka shimfiɗa sababbin hanyoyi, kuma duk inda kwalta ta bi, filin gefenta ya ƙara kuɗi. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. Tun ba a ji kukan jirgi ba, labarinsa kaɗai ya isa ya sa masu kuɗi su riƙa leƙen gonaki.

A Tibiri fili ya fi sauƙi. Da yawa suna zaune gidan gado, ana ƙara ɗaki in yaro ya yi aure. Amma Tibiri tana kan babbar hanyar da ta tafi Yamai, kuma mai babur yana iya kwana can ya yi sammako ya buɗe shagonsa a Maraɗi. Saboda haka wanda birni ya fi ƙarfinsa yana duban wajen Tibiri, shi ma yana ɗaga kuɗin wurin.

A Jiratawa lissafin dabam yake. A farkon shekarun 1980 aka gyara fadamar garin, fiye da hekta 500, aka haƙa rijiyoyi masu inji, aka ja magudanan ruwa. Mutane suna noman rani da damana, suna kai zogale da tattasai da sauran kayan garka kasuwa. A can ƙasar da ta fi daraja ita ce wadda ruwa ke kaiwa, domin tana ciyar da gida wata goma sha biyu. Wurin gina ɗaki cikin gari bai kai na birni tsada ba. Sai dai gonakin tudu da ke tsakanin Jiratawa da Maraɗi, su birni ya riga ya sa masu ido.

Dalili kuwa shi ne gulbi ya tare Maraɗi ta yamma. In za ta miƙe ƙafa, sai ta yi arewa, ko gabas, ko kudu, wato sai ta taka gonakin ƙauyukan da ke kewaye da ita. Haka Yamai ta haɗiye ƙauyukan gefenta, haka Kano ta yi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mu yi lissafi

Tun farkon 2024, mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke ma ma'aikaci a Nijar jika 42 ne a wata. Mu ɗauki misali. A ce an sa ma wani fili miliyan ɗaya, wato jika dubu. A ce mai wannan albashi ya ci, ya sha, ya biya haya, ya matse ya ajiye jika 5 kowane wata. Sai ya yi wata 200 kafin ya tara, wato shekara 16 da wata 8. Filin kuwa ba zai tsaya yana jiransa a kuɗin farko ba. Kuma ko ya saya, bai aza tubali ko ɗaya ba tukuna.

Shi ya sa talaka ba ya sayen gida ginanne. Da kaɗan-kaɗan yake yi: bana fili, baɗi katanga, wata shekara ɗaki ɗaya. Wani da adashi, wani da kuɗin tumakin matarsa, wani da abin da ɗansa ya aiko daga Nijeriya ko Libiya ko Aljeriya. Wanda ya gaji da jira kuwa sai ya sayi mai araha, a kwari ko a kan hanyar ruwa. A ƙarshen watan Agusta na 2024 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Maraɗi, gidaje masu yawa suka faɗi, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Ruwan da ya kori kakanninmu daga fadama a 1945 bai manta hanyarsa ba. Araha ba ta ado.

Ga lissafi na biyu, shi ne na masu gona. Hekta ɗaya mita 100 ce a tsaye, mita 100 a kwance, wato 10.000. Filin gida mai mita 20 kowane gefe 400 ne. In an raba 10.000 da 400, an samu 25. A cire hanyoyi da wurin masallaci da makaranta, za a iya samun fili 15 ko fiye. Wanda ya taya gonarka ya riga ya yi wannan lissafi tun kafin ya shiga mota. Kai ma ka yi naka.

Haka muka yi da dattijon nan. Na ce ya aika ɗansa ya tambayo nawa ake sayar da fili ɗaya a sabon yankan da ya fi kusa da gonarsa. Da yaron ya dawo muka buga a allo, sai ga shi kuɗin da aka taya gonar duka fili uku kawai za su saya. Dattijo yana da ɗiya maza biyar. Ya daɗe yana duban allo, sa'an nan ya ce: "Ashe in na sayar, biyu daga cikinsu haya za su kama a kan gonar ubansu."

Takarda

Ban ce sayar da gona haramun ne ba. Akwai rashin lafiya, akwai bashi, akwai wanda zai sayar da ƙarama kusa da birni ya sayi babba a nesa. Zuwan birni kuma yana kawo ruwa da wuta da kasuwa. Abin da nake cewa shi ne kada a yi cinikin duhu.

A watan Disamba na 1974 shugaba Seyni Kunce ya ce gona ta mai nomanta ce. A 1993 aka kafa dokar ƙasar karkara, wadda ta yarda da gadon gargajiya, ta kuma kawo kwamitocin kula da gonaki, waɗanda ake kira Kofo. Na ƙauye, maigari ne shugabansa. A wurinsu ake samun takardar shaidar gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina. Ku nemi taku tun ba a yi gardama ba, ku tara magada da maƙwabtan gona su shaida iyaka.

In hukuma za ta yanka filaye a gonakinku, ku tambayi kason da zai dawo ma mai gona, a rubuta shi, a nuna maku lambar kowane fili. In kai ne mai saye, kada ka biya sai ka kai takardar ma'aikatar gari an duba cikin littafi, domin an sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ka kuma je ka ga wurin da damana, ba da rani ba.

Sai ku kiyaye da abu ɗaya. Mu da dala da jika muke ƙirga, takarda kuwa da tamma take magana. In kun ga lamba mai tsawo, ku rufe sifili uku na ƙarshe da yatsa, abin da ya rage shi ne jika. 500.000 jika 500 ne. 50.000 jika 50 ne. Sifili ɗaya ya raba su. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka karanta ba, ko wanda ɗanka ko malaminku bai karanta maka ba.

Dattijon nan bai sayar ba tukuna. Ya tara ƙannensa da ɗiyansa sun je wurin maigari, an rubuta masu takardar gado. Ya kawo ta makaranta cikin leda, ya tashi tsaye ya karanta sunansa da sunan ubansa da bakinsa, yana bi da yatsa. Ya ce in masu mota sun dawo zai ba su tabarma da ruwa, ya ji ta bakinsu, amma wannan karon da alli da allo za a yi maganar.

Ku tattauna wannan a makarantunku: gonaki nawa aka sayar a garinku cikin shekara goma da suka wuce, wa ya saya, kuma ina masu su suke yau? Allah ya ba mu damana mai albarka, ya rufa ma kowane magidanci asiri a cikin gidansa. Amin.